Damagaram a ƙafa: yini guda tsakanin Zango da Birni

Ƴan kasuwar Mayahi da na Tasawa sun san Damagaram, amma yawancinsu tasha da kasuwa kaɗai suka sani: a sauke kaya, a ɗauki kaya, a juyo gida kafin dare. Ma'aikacin gwamnati ma da aka aika can, daga masauki sai biro, daga biro sai mota. Alhali garin da suke ratsawa da gaggawa ya yi shekara 15 yana babban birnin Nijar, kuma kafin nan ya kusa yin ƙarni guda yana gadon sarautar da Borno da Kano suka san da zamanta. Wanda ya ba shi yini guda, ya taka shi a ƙafa tun daga arewa har kudu, zai tarar da garuruwa biyu da ba su taɓa zama ɗaya ba, da na uku da Nasara ya dasa a tsakaninsu.

Hanyar da Nasara suka biyo

Gani ya kori ji. Matafiyin da ke son ganin Damagaram da idon basira ya kamata ya zaɓi lokacin sanyi, ya bar Mayahi ranar Laraba, domin ya kwana can ya wayi gari ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika. Daga gulbin Kaba zai gangaro Tasawa, inda zai hau gudaro, babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai. Daga nan saura kilomita ɗari da ƴan kai.

Wannan hanya ita kanta darasi ce, domin kusan sawunta rundunar Faransawa ta bi a shekara ta 1899. Ba a jima da barin Tasawa ba sai ga Maijirgi. A nan ne aikin kapitan Voulet da kapitan Chanoine ya ƙare, su da suka ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Isa har Birnin Ƙwanni da ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓi rundunar daga hannunsu. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juyo kansu suka kashe su. Kaburburansu na Maijirgi. Gaba kuma, bayan an wuce Takeita inda hanyar Matamaye da Kano ta rabu, akwai Tirmini. A ƙarshen wannan watan na Yuli ne dawakin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari sauran rundunar a wurin, bindiga mai aman wuta ta rinjayi mashi da takobi, hanyar birni ta buɗe. Mai mota ba ya tsayawa a Tirmini sai in akwai mai sauka. Matafiyi dai ya leƙa ta taga, ya riƙe sunan, domin zai sake buƙatarsa gobe.

Zango da hantsi

Tafiyar ƙafa daga Zango ta kamata ta fara, tun rana ba ta yi zafi ba. Sunan unguwar ya faɗi asalinta: masaukin ayari ne. A zamanin da, baƙon da ya zo da raƙuma ba ya shiga da su cikin ganuwa. Sai ya sauke a waje, arewa da birni, ta fuskar da ya fito. Abzinawa, musamman Kel Ewey na ƙasar Ayar, su ne suka fara kafa bukkoki a nan, fataken Hausa suka bi su, Larabawan Gadamas da na Tarabulus suka zo suka gina soraye. Wanda ya san Kano zai tuna da Fage, domin aikinsu ɗaya.

Abin da ya raya Zango shi ne mahaɗar hanyoyi. Daga arewa maso gabas gishirin kantu da dabino na Bilma da Fashi ke zuwa. Daga arewa, ta Agadas da Gat, ake kawo yadi, takarda, sukari, duwatsun ado da bindigogi. Abin da ake mayarwa kuwa shi ne jemammiyar fata, gashin jimina, hauren giwa, gero don guzurin masu hamada, da kuma bayi. Bai kamata a ɓoye wannan na ƙarshe ba: wani kaso mai yawa na dukiyar da ta gina manyan zauruka a Zango da Birni, daga kamun mutane da sayar da su ta fito. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka garin a watan Janairu na 1851, ya rubuta abin da ya gani da idonsa game da wannan ciniki, kafin ajali ya same shi a hanyar Kukawa cikin watan Maris na shekarar.

Lungunan Zango ƙunci gare su, kuma ba sa miƙewa. Matafiyi zai riƙa ratsa ƴan mata masu tallar fura, almajirai da allunansu, jakai masu ɗauke da itace, da ƴan kabu-kabu da ke neman hanya da ƙarfin oda. Ya riƙa ɗaga kai. A bisa wasu ƙofofin akwai zane da magina suka fitar da laka tun tana ɗanya: dagi, takobi, zobba masu shiga juna, wani lokaci da launi, wani lokaci da jan ƙasa kawai. A kusurwoyin soro kuma ga zanko sun miƙe kamar kunnen zomo. Attajirin da ba ya rataya allo mai ɗauke da sunansa. Fuskar zaurensa ce ke faɗin ko shi wane ne.

Cikin attajiran Zango babu wanda tarihi ya riƙe kamar Malam Yaro. Fataucinsa ya kai Tarabulus, kuma lokacin da rundunar Foureau da kwamanda Lamy ta iso daga hamada a watan Nuwamba na 1899, a gajiye, babu tufa babu abin hawa, yana cikin waɗanda suka yi hulɗa da ita. Wannan bai hana shi shiga uku ba. A 1906 Faransawa suka ce sun gano wata maƙarƙashiya ta kashe su, suka haɗa sunansa da na sarki Amadu Ɗan Basa. Darasin da ƴan kasuwar lardin nan suka daɗe da sani ke nan: kusantar mai mulki inuwar giginya ce ga wanda ke gindinta.

Mutuwar ayarin hamada ba ta zo da takobi ba. A 1911 Italiya ta faɗa wa Tarabulus, kuma a wannan shekarar dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke yin watanni kafin ya kawo, jirgin ƙasa ya riƙa sauke su cikin kwanaki, a wuri mai nisan kilomita wajen 240 kacal daga Damagaram. Sai Zango ta juya baya ga arewa, ta fuskanci kudu. Gyaɗa ta maye gurbin gashin jimina, kamiyo ya maye gurbin raƙumi, daga baya kuma darajar naira ta zama labarin da ake fara tambaya kowace safiya. Shi ya sa duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, ko bayan takunkumin 2023, tukwanen Zango ne ke fara sanin an rufe.

Kafin ya bar wannan ɓangare, matafiyi ya ratsa kasuwar Dole. Ya tsaya rumfar dukawa, domin aikin fata na Damagaram ya yi suna: jaka, takalmi, matashin kai, gidan laya, kube. Ya duba kantun gishiri da buhunan kanwa da har gobe suke zuwa daga arewa da gabas. Ya sayi alkaki, wanda ba a komawa gida daga Damagaram ba tare da shi ba, in dai ana son zaman lafiya da uwargida.

Filin da aka cika da biro

Daga Zango zuwa Birni tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba ga mai ƙafa, amma a ƙarni na 19 fili ne tsakaninsu, da gonaki da duwatsu. Duniya ta san birane da aka raba da gangan. An gina katangar Balin a 1961, ta faɗi a 1989. Nikosiya, babban birnin tsibirin Kubrus, tana da shinge a tsakiyarta, kuma yaƙin 1974 ya ƙara ƙarfafa shi. Rabon Damagaram ya girmi waɗannan duka, kuma babu soja mai tambayar takarda a kansa. Al'ada ce ta raba: mai sarauta a cikin ganuwa, mai dukiya a waje, kowa na buƙatar ɗan'uwansa, kowa na sa masa ido.

A wannan fili ne Nasara ya zauna. Matafiyi zai san ya shigo bariki ba tare da an faɗa masa ba: lunguna sun ƙare, tituna sun miƙe sun yi faɗi, itatuwan dogon yaro sun jeru, gine-gine sun ja da baya daga bakin hanya. Nan ne biro-biro na gwamnati suke, da gidan waya, da bankuna, da lokol. Can bisa dutse kuma ga sansanin da Faransawa suka gina suna shigowa, suka sa masa sunan kapitan Cazemajou, wanda aka kashe a garin tare da tafintansa Olive ranar 5 ga Mayu na 1898, bisa umurnin Kuran Daga. Ɗaukar fansar wannan kisa ce hujjar da suka riƙe a Tirmini. Bayan samun mulkin kai aka mayar wa wurin sunan Tanimu. Wurin soja ne, saboda haka kallo daga nesa ya wadatar, kuma mai hikima ba ya ɗaga na'urar ɗaukar hoto a gabansa. Wanda ya lura da inda aka ɗora shi zai gane nufin masu ginin: daga can sama ana ganin fadar sarki, ana kuma ganin hanyar ayari.

Daga 1911 wannan bariki ce ke mulkin ƙasar duka, tun daga bakin kogi har tafkin Cadi da Kawar. Daga nan aka tura rundunar da ta kwance Agadas daga kewayen Kawsan a watan Maris na 1917. A nan aka wayi gari a 1922 aka ce ƙasar ta fita daga hannun soja ta zama yankin mulkin mallaka mai gwamna farar hula. Amma a 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, aka kwashe kujerar aka mayar Yamai. Dalilin da aka fi ambata shi ne ruwa: Damagaram bisa dutse take zaune, rijiyoyinta ba sa ɗaukar jama'a mai yawa, Yamai kuwa tana bakin kogi. Akwai na biyu da masana tarihi suka nuna. Garin ya yi kusa da Kano ƙwarai, kuɗinsa da malamansa da zumuncinsa duk kudu suke kallo, ƙasar da ke hannun Ingila, kuma tun 1906 Faransawa ba su sake sakin jiki da fadar ba.

Damagarawa ba su manta da 1926 ba. Ana jin ta cikin hirar majalisa, ana jin ta lokacin zaɓe. Da Mahamane Ousmane, haifaffen garin, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1993, mutane da yawa sun ɗauka kamar an biya wani tsohon bashi ne. Juyin mulkin Janairu na 1996 ya katse wannan farin ciki. An buɗe matatar man fetur ta SORAZ a watan Nuwamba na 2011, kilomita wajen 50 arewa da gari a hanyar Tanut, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a yini. An sami jami'a, wadda aka raɗa wa sunan André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. A 2018 aka yi bikin 18 ga Disamba a nan, ƙarƙashin shirin Zinder Sabuwa, aka shimfiɗa tituna. Duk da haka ƙidayar 2012 ta nuna garin na da mutum sama da 235,000, wato Maraɗi ta sha gabansa, ya koma na uku a ƙasa.

Batun ruwa kuwa ya bi garin shekara da shekaru. An janyo shi daga Gogo da Macaya, an janyo daga Arunguza, jama'a na ƙaruwa fiye da abin da bututu ke kawowa. Matafiyin da ya zauna gindin itace a nan don ya huta da azahar, ya ci tuwo ko shinkafa da wake a rumfar mai abinci, zai ga ƴan ga-ruwa na tura kura cike da jarkoki. Hujjar gwamna Brévié ce ke wucewa a gabansa bisa ƙafa biyu.

Birni da la'asar

In rana ta karya, sai a nufi kudu. Ganuwar da ta kewaye Birni ta zube, sai guntaye nan da can da suka yi kama da tudun ƙasa, yara na hawa suna wasa. Amma ko babu ganuwa ƙafa na sanin ta ƙetare iyaka. Hayaniya na raguwa. Manyan duwatsu masu santsi sun kutso tsakanin gidaje, wani gidan ma da dutse ya jingina, wani lungun kuma dole ya kauce masa. Gaisuwa na ƙara tsawo. Baƙon da ya tarar da dattawa bisa tabarma ba ya wucewa sai ya rage tsawo ya ce, "Salamu alaikum, Baba, barkanku da hutawa," kuma in ya tambayi hanyar fada, da wuya a bar shi ya tafi shi kaɗai, sai an haɗa shi da yaro.

Gidan sarautar daga Borno asalinsa yake. Kakansu, wani malami, ya zauna a ƙasar Damagaram ta gabas a ƙarni na 18, zuriyarsa suka yi ta sauya mazauni har Sarki Sulaimanu ya kafa gadonsa a Zindar a farkon ƙarni na 19. Shi ya sa garin ke da suna biyu: Zindar sunan wurin, Damagaram sunan ƙasar da sarautar ta zo da shi. Sarakunan sun daɗe suna kai gaisuwa Kukawa, kuma har yau sarautun fada na ɗauke da wannan tarihi, wasu na Barebari wasu na Hausa, ko da yake Hausa ce harshen gari.

Wanda ya ɗaga Damagaram shi ne Tanimu ɗan Sulaimanu. Ya hau gado a 1841, aka ture shi bayan shekara biyu, ya dawo a 1851 ya riƙe har 1884. Shi ya ɗaukaka ganuwa, shi ya tara bindigogi daga Tarabulus, ya sa maƙeran gari suka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a nan gida, abin da ba kowace masarautar ƙasar Hausa ta iya ba a lokacin. Ya shiga fatauci da kansa, ya mallake ƙasashen maƙwabta, har gaisuwar Borno ta zama sai in ya ga dama. Ƙarfin da ya bari ne ya ba Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, damar kai yaƙi har cikin ƙasar Kano. Shekara shida kacal ya yi: bayan Tirmini ya fita daga birni, aka cim masa a watan Satumba na 1899.

Fadar da matafiyi zai tsaya a gabanta tun tsakiyar ƙarni na 19 take. Ga fili mai faɗi inda ake hawan salla, ga babbar ƙofa, ga dogarai cikin ja da kore. Ba a faɗa mata kai tsaye. A gaida dogari, a faɗi abin da ya kawo mutum, a jira izini, a tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe. Wanda aka shigar zai ratsa zauruka masu duhu da sanyi, rufinsu bisa bakan gizo na laka da azara, ba ƙarfe ba siminti. Bangon da kaurinsa ya wuce kamu biyu yana riƙe sanyin dare har la'asar, abin da gidan bulo da kwano bai taɓa iyawa ba.

Wannan ƙofa ta ga hawa da sauka. Bayan zargin 1906 Faransawa suka tuɓe Amadu Ɗan Basa suka kai shi Kodibuwa, suka danƙa garin ga wani bafade, Ballama. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta, hannun Barma Mustafa. Labarin nan ne Mahamane Bakabé ya mayar fim a 1982, bisa rubutun André Salifou. Kuma jayayyar Birni da bariki ba ta tafi tare da Nasara ba. Sarki Abubakar Sanda, wanda aka naɗa a 1978, gwamnati ta tuɓe shi a 2001, ya koma gadonsa a 2011. Samarin gari na da tasu hanyar faɗin ra'ayi a kan masu iko: wasan kara, inda suke shiga irin ta manya, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya.

Ba nisa da fada, cikin wani lungu, akwai gida mai ɗan allo a bango. Nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka daga ƙarshen Disamba na 1852 zuwa ƙarshen Janairu na 1853, yana jiran kuɗi da kaya kafin ya kama hanyar Katsina, Sakkwato da Tumbutu. Mutumin Tasawa na da rabo a wannan labari, domin shekara biyu kafin nan Barth ya ratsa garinsu a hanyarsa ta zuwa Kano.

Abin da damina ta ci

Akwai wurin da ya kamata matafiyi ya nemi a kai shi kafin magariba, ko da zuciyarsa za ta ɓaci. A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Birni, ginin laka na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Hotunan faɗuwarsa sun zagaya wayoyin jama'a cikin sa'o'i kaɗan. Daminar ce ta kashe ɗaruruwan mutane a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa lokol zuwa ƙarshen Oktoba. Mutanen Mayahi da Tasawa ba sa buƙatar a ba su labarinta.

Amma ginin da ya ga damina sama da 170 ba dare ɗaya ya faɗi ba. Duk magini ya san yadda ginin ƙasa ke rayuwa. Ana murza tubali da hannu, a shanya, a jera shi da laka da aka cuɗa da ciyawa aka bari ta ruɓa. Ana shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Ana gyara indararo kafin hadari na fari, a sake yaɓe inda ya zaizaye. Gidan da aka yi wa haka duk shekara yana binne jikokin wanda ya gina shi. Wanda aka yi wa sakaci shekara biyar, tsaga na shiga. In tsaga ta sha ruwa, sai jiran rana.

Abubuwan da ke cin Birni da Zango sanannu ne ga mazaunansu. Gidan gado yakan zama na mutum ashirin, rabinsu na Yamai ko Kano ko Agadas, kowa na jiran wani ya fara fitar da kuɗin yaɓe. Mai hali in ya tashi gyara, sai ya lulluɓe laka da siminti, alhali siminti na hana bango numfashi, damshi ya taru a ciki ya cinye shi ta ƙarƙashi. Ko kuma ya rushe duka ya kafa bulo. Leda ta toshe magudanai, ruwan da ya kamata ya gangara tafki sai ya kwanta gindin katanga. Giginyar da ake samun azara ta yi wuya. Ɗiyan magina kuma sun ga babu ci gaba a sana'ar, sun kama tuƙin babur.

Tun 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta sami wannan matsayi a 2013. Takarda dai ba ta yaɓe bango. Kuma a nan ne tsohon rabon garin ke nuna illarsa: tarihi na Birni, kuɗi na Zango, hatimi da kasafi na bariki. Ɗan kasuwar da ke iya gina masallacin siminti mai hasumiya biyu cikin wata shida, kuɗin makuba da ladan magina na lungu guda ba za su gagare shi ba. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin gini na da ikon tambayar abin da za a rushe kafin a gina. Fada kuwa na da sarkin magina da masu unguwa, waɗanda suka san kowane bango da mai shi. Kowane ɗaya na riƙe da abin da sauran biyun suka rasa, kuma tsakanin ƙofofinsu tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba.

Komawa

Kafin duhu, matafiyi ya nemi wani dutse da yara ke hawa a gefen Birni, ya hau a hankali. Daga can zai ga tafiyarsa duka a shimfiɗe: rufin ƙasa na Birni a ƙarƙashinsa, itatuwan bariki, Zango can arewa cikin ƙurar hunturu, da sababbin unguwanni da suka bazu ta kowace fuska har suka fi tsofaffin girma nesa ba kusa ba. A cikinsu akwai Kara-Kara, inda aka taɓa ware kutare, unguwar da Aïcha Macky ta nuna rayuwar samarinta a fim ɗinta na 2021. Yawancin Damagarawan yau ba a Birni aka haife su ba, ba kuma a Zango ba, kuma su ne za su yanke hukuncin abin da za a bari tsaye.

Ladanai za su fara kira, na kusa da na nesa, ba a tare ba. Ya sauko ya yi alwala inda ya tarar da jama'a. Gobe da asuba motar Tasawa na tashi; za ta sake ratsa Tirmini da Maijirgi, ta sauke shi inda zai nemi ta Mayahi, da ƙunshin alkaki a jaka da ƙura a ƙafa. In ya isa gida, kafin hadarin bana ya haɗu, ya zagaya bayan zauren mahaifinsa ya duba indararo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta.